Tano Goma Sha Ɗaya

Ƙarfe biyun dare a Damagaram.
Duwatsun Birni na amayar da zafin da suka sha da rana.
Wuta ta ɗauke tun daga Karkada,
saura ni da inji mai tari, da taswira,
da shayin da Kafaran Mato ya aje, har ya yi sanyi.

Zabairu Kalla nake. Igiya biyar a kafaɗa.
Na manta ranar da na ja kunamar bindiga.
Makamina fensiri ne,
da reza nake feƙe shi.

Janar ya ce, “Jibi mu wuce Tasker.”
Kalma huɗu. Ya ɗau hularsa, ya tafi isha'i.
Ni zan mai da kalma huɗun nan taya,
in mai da su isansi, buhun shinkafa, gishiri,
wa zai hau wace mota,
wane direba ne idonsa ba ya gani da dare amma yana ɓoyewa,
wace rijiya ce makiyaya suka daina ambata.
Shi ne baki. Ni ne haƙoran ciki,
masu tauna, ba a ganinsu ko an yi dariya.

Mutum ɗari da ashirin. Kwana shida. Watan bazara.
Na ƙirga daga sama, na ƙirga daga ƙasa,
na rage wanka, na rage wanki, na bar alwala ga taimama,
ruwan dai bai kai ba.
Tano goma sha ɗaya suka rage,
kuma motar da ke ɗauke da su tana Gure, akis a karye.

Shekara tara ke nan, a wannan teburi,
wani babba ya tambaye ni, “Zai isa?”
Na dubi fuskarsa maimakon takarda.
Na ce, “Zai isa, ranka ya daɗe.”
Nomau. Kiyari. Agali ɗan autan uwarsa.
Ba harsashi ya taɓa su ba.
Ni na rubuta wasiƙun uku,
wani ya sa hannu.

Da hantsi na shiga, na ƙame, na sara.
Na ce, “Jibi ba za ta yiwu ba.”
Fanka kaɗai ke magana a ɗakin.
Ya ce, “Rijiyar da ke hanya fa?”
Na ce, “Ban ga wanda ya sha daga cikinta ba tun kaka.”
Ya ce, “In tana da ruwa?”
Na ce, “Na ɓata maka kwana biyu.”
Bai tambayi ɗaya gefen ba. Shi ma yana da sunayensa.
Ya juya zobensa, ya juya,
ya ce wa bango, “Asabar.”

Sun tafi Asabar. Sun dawo ɗari da ashirin,
na tsaya bakin bariki ina taɓa su da ido, ɗaya ɗaya.
Rijiyar kuwa, ashe, cike take har tana kyalli.
Janar ya daki kafaɗata gaban kowa:
“Ga mutumin da ke tsoron rijiya!”
Aka yi dariya. Na taya su.
Rediyo ta faɗi sunansa sau uku da yamma.

Na koma Garin Malam bayan magariba.
Tsahara ta ce famfo bai zo ba yau kwana huɗu,
mai ga-ruwa ya ƙara dala biyar.
Ƙaramar 'yata ta cire mini takalmi,
ta ce, “Baba, kai me kake yi a yaƙin?”
Na ce, “Ƙirga.”
Ta ce, “Ni ma na iya.”
Ta kama yatsuna, ta fara daga babban,
ta kai goma, ta tsaya,
tana neman inda za ta samo na sha ɗaya.